Zauren Tambaya: Fim ɗin gaskiya, daga Polan zuwa Damagaram

Wasiƙun wannan fitowa a kan fim ɗin gaskiya suke, wato dokumanter, irin wanda babu 'yan wasa a cikinsa sai mutane da rayuwarsu yadda take. Duk daga Zinder da kewayenta suka zo. Mun taƙaita tambayoyin saboda fili.

Daga wani ɗalibi a Jami'ar André Salifou: Assalamu alaikum. Ina yawan jin masu harkar fim suna yabon fina-finan gaskiya na ƙasar Polan. Me ya raba su da rahoton da muke gani a talabijin, kuma da wanne ya kamata in fara?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Rahoton talabijin yana da mai bayani, murya ce ke gaya maka abin da za ka fahimta, hoto kuwa rakiya kawai yake yi. 'Yan Polan da cire wannan murya suka yi suna. Sukan zaɓi wuri ɗaya ko mutum ɗaya, su zauna su jira har abu ya faru a gaban kamara, sa'annan su bar mai kallo ya yanke hukunci da kansa.

Abin yana da dalili. An buɗe makarantar fim ta birnin Łódź a 1948, kuma a zamanin mulkin kwaminisanci, wanda ya kai har 1989, gwamnati ce ke biyan kuɗin gajerun fina-finai da ake nunawa a gidajen silima kafin babban fim. Kuɗi akwai, amma hukumar tace fina-finai tana bin kowace kalma. Abin da ba shi faɗuwa da baki sai aka koyi nuna shi da ido. Ga kuma tsadar kaya: naɗin fim ɗin da ake sa wa kamara a lokacin, mai faɗin milimita 35, mita 300 nasa minti 11 kacal yake ɗauka. Wanda aka auna wa mita ba ya kunna kamara sai ya san abin da yake nema.

Ka fara da uku, duka gajeru ne. Na farko *Muzykanci* na Kazimierz Karabasz, na 1960, bai kai minti 10 ba: ma'aikatan jirgin cikin gari na Warso, babban birnin Polan, ne suka tashi aiki suka taru suna gwajin bushe-bushe, wani dattijo yana yi musu gyara. Ba wanda ya ce maka komai a kan talauci ko gajiya, a fuska da yatsu za ka gani. Na biyu *Gadające głowy* na Krzysztof Kieślowski, na 1980. Tambayoyi ɗaya ya yi wa kowa: wace shekara aka haife ka, kai wane ne, me ka fi so? Ya jera mutanen bisa shekaru, daga jariri har tsohuwa mai shekara 100. Na uku *89 mm od Europy* na Marcel Łoziński, na 1993, wanda ya shiga takarar Oscar. A tashar jirgin ƙasa ta Brest, a ƙasar Belarus kan iyaka da Polan, aka ɗauke shi, inda faɗin layin dogon Turai, milimita 1435, ke haɗuwa da na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, milimita 1524. Dole a ɗaga taragai a canza musu ƙafafu, fasinjoji na leƙe ta taga, ma'aikata na ƙasa cikin baƙin mai. Wannan tazara ta milimita 89 ita ce fim ɗin gaba ɗaya.

Kalli kowanne sau biyu. A karo na biyu ka riƙe takarda, ka rubuta inda kamara ta tsaya, tsawon kowane hoto, da abin da kunne ke ji wanda ido bai gani ba. Ba sai ka ji yarensu ba, na farko da na uku kusan ba magana a ciki.

Daga wani mai ɗaukar bidiyon biki, unguwar Zango: Ina son in yi fim a kan wani tsohon baduku a Birni. Waya mai kyau gare ni da wata 'yar kamara. Na gwada, amma muryarsa ta ɓace cikin iska da ƙarar kabu-kabu, hoton kuma sai wasu layuka ke bi ta cikinsa. Sai na sayi babbar kamara ne?

A'a, Malam, kada ka taɓa kuɗinka don kamara tukuna. Matsalarka ta farko sauti ce, kuma mai kallo yakan yafe hoto mai rauni, amma ba ya zama minti biyu gaban maganar da ba ya ji.

Mikron da ke jikin waya ko kamara yana inda kake tsaye, mita biyu ko uku daga bakin mai magana. Duk sa'ad da nisa ya ninka, ƙarfin murya kan ragu da desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), amma ƙarar titi tana nan yadda take. Maganin shi ne a kai mikro kusa. Nemi ƙaramin mikro na maƙalawa a riga, ka sa shi kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa. Kula da tufa: shadda mai bugu ko mai sitaci tana ƙara duk motsin da mutum ya yi, haka carbi da laya idan suna gogar waya. Maƙala shi a bakin wuyan riga ta waje, ka naɗe wayar sau ɗaya ka liƙe ta ciki don kada ta ja. Soson da ke zuwa da mikro ba ya tare iskar hunturu, sai murfi mai gashi. In kana da na'urar ɗaukar sauti daban, ko wata waya ta biyu a aljihun tsohon, saita ta a kilohaz 48, ka rage ƙarfi har allura ta riƙa tsayawa wajen desibel -12, don in ya yi dariya ko tari kada sautin ya fashe. Sautin da ya fashe ba ya gyaruwa. Tafa hannu sau ɗaya a gaban kamara farkon kowane ɗauka, da wannan tafin za ka daidaita baki da murya wajen montaj, wato yankawa da haɗa fim. Kuma abin ji yana kunnenka daga farko har ƙarshe. Yawancin ɓarna daga nan take: batirin mikro ya mutu tun minti na 5, ba wanda ya sani sai an koma gida.

Kafin ranar ɗauka, je ka zauna a rumfar ka saurara. Ƙarfe nawa injin niƙa na maƙwabta ke tashi? Yaushe ake tada janareta? Yaushe 'yan lekol ke wucewa? Ka roƙa a kashe rediyo, domin in ka yanke magana waƙar da ke bayanta za ta yi tsalle, ga kuma haƙƙin mai waƙa. In an gama, kowa ya yi shiru ka ɗauki minti 1 na sautin wurin kawai. Da shi ake cike gurbin da aka yanke.

Layukan da ka gani kuwa daga wuta ne. Kuran ɗinmu, wato wutar lantarki, na juyawa sau 50 a daƙiƙa, wayoyi da yawa kuma suna zuwa a saite kan hoto 30 a daƙiƙa, sai ƙwan lantarki ya riƙa ƙyaftawa a cikin hoto. Mai da shi hoto 25 a daƙiƙa, saurin rufewar ido kuma 1/50. In wayar ba ta yarda ba, akwai manhajojin kamara da ke ba da wannan dama.

Haske ma ka ƙwace shi daga hannun waya. Tsoho baƙin mutum sanye da farar riga, waya za ta auna rigar ta bar fuskar cikin duhu. Danna yatsa a kan fuska ka riƙe har haske da saiti su kulle. In a zaure yake aiki, kada ƙofa ta kasance bayansa. Ka tsaya yadda hasken ƙofar zai bugi gefen fuskarsa, wani ya riƙe farin zane ta ɗaya gefen. A waje, daga hantsi zuwa ƙarfe 10, sai kuma bayan la'asar. Rana tsaka tana mai da idanu ramuka.

A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, waya kan kashe kanta tana tsakiyar aiki. Cire mata riga, sa ta a yanayin jirgin sama, kada ka yi caji kana ɗauka, ka tsaya a girman hoto na 1080 maimakon 4K. Lissafin ajiya ma yana goyon bayan haka: kamarar da ke rubuta megabit 50 a daƙiƙa tana cin wajen giga 22 a awa, mai megabit 100 kuwa giga 45. A hunturu kada ka buɗe gilashin kamara a fili, kuma ƙura hura ta ake yi, ba a goge ta da gefen riga.

Abu na ƙarshe shi ne hannun biki. A wurin biki kamara yawo take, tana zuƙowa tana ja. Nan ka kafa ta a kan ƙafa uku, kowane hoto ka ƙirga daƙiƙa 10 ko fiye kafin ka motsa. Bi aiki ɗaya tun daga yankan fata har ɗinkin ƙarshe, ka ɗauke shi daga nesa, daga tsaka-tsaki, da kuma kusa sosai: basilla na huda jar fata, babban yatsa na danne zare, idon tsohon na ƙanƙancewa yana neman rami. In ba ka da waɗannan na kusa, ba abin da za ka rufe yanka da shi.

Daga wata malama mai aiki da ƙungiyar mata, Mirya: Matanmu suna da labari a baki, amma da an kunna kamara sai su sandare, ko su koma godiya da addu'a kamar a taron hukuma. Yaya ake yi?

Hajiya, laifin ba nasu ba ne. Wadda aka zaunar a kujera, aka tara mata mutum biyar, aka ce "to, bismillah", jawabi za ta yi. A rage mutane zuwa biyu, kuma in cikin gida ne su zama mata. A fara zuwa ba kamara, sai a zo da ita a ajiye ba a kunna ba. A bar mace a kan aikinta, tana tankaɗe ko tuyar ƙuli, domin hannu in yana aiki baki yakan saki. Mai tambaya ta zauna dab da gilashin kamara, a ƙasa in a ƙasa ake zaune.

Tambayar da amsarta "i" ko "a'a" ce ba ta da amfani, haka ma babbar tambaya irin "me za ki ce game da matsalar ruwa?". A tambayi rana ɗaya da abu ɗaya: jiya ƙarfe nawa kika tashi neman ruwa, wa kika tarar a famfo, bidon nawa kika samu? In ta yi shiru, kada a yi saurin cike wurin. A ƙirga biyar a zuci. Sau da yawa abin da ke biyo bayan shirun shi ne zai shiga fim.

'Yan Polan sun gwada hanyoyi iri-iri a kan wannan. A *Wszystko może się przytrafić*, na 1995, Marcel Łoziński ɗansa mai shekara 6 ya tura yana hira da tsofaffi a wani lambun shaƙatawa na Warso, kamara na can nesa. Yaro yana tambayar abin da babba ke jin nauyi, kaɗaici da mutuwa, tsofaffin kuma suna ba shi amsa. Wani ɗan nasa, Paweł Łoziński, ya kafa kamara a barandar gidansa sama da shekara biyu yana tsayar da masu wucewa, ya fitar da *Film balkonowy* a 2021. Da yake kullum yana wurin, mutane suka saba, wasu har dawowa suke don su ƙarasa zancen. Wannan dabara ta biyu za ta yi aiki a bakin rijiya ko wajen injin niƙa. Ta farko kuwa a ɗauki rabinta: jika ta tambayi kakarta, wasan da ke tsakaninsu zai buɗe abin da baƙuwa ba za ta samu ba, amma kamara a fili, kowa ya san ana ɗauka.

Daga wani dattijo, Sabon Gari: Ni fa ina da ja. Waɗannan fina-finai ba tallar talaucin mutane ba ne da tonon asirin gida? A ɗauki mutum cikin halin ƙunci a kai Turai a karɓi kyauta, shi yana nan inda yake.

Baba, jan naka yana kan hanya, kuma masu sana'ar kansu sun daɗe suna fama da shi. Kieślowski yana ɗaukar *Dworzec* a babbar tashar jirgin ƙasa ta Warso, fim ɗin da ya fito a 1980, 'yan sanda suka ƙwace abin da ya ɗauka don binciken wani kisan kai. Ya ga cewa kamararsa na iya zama shaida a kan mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, kuma wannan na cikin abin da ya sa ya koma fim ɗin 'yan wasa. A ɗaya gefen akwai *Komunia* na Anna Zamecka, na 2016, a kan yarinya 'yar shekara 14 da ke riƙe da gida, da uba da ƙane mai lalurar otizim. Ya ci kyautar fim ɗin gaskiya ta Turai a 2017. Ɗaki ƙuntatacce ne, rashi a bayyane, amma abin da mai kallo ke fita da shi ƙoƙarin yarinyar ne. A nan gida, Aïcha Macky, haifaffiyar garin nan, ta yi *Zinder* a 2021 a kan matasan Kara-Kara, mutanen da gari ya saba jin labarinsu daga bakin wasu, ta bar su suka yi magana da nasu bakin.

A ganinmu abin da ke raba aikin mutunci da cin amana matakai ne da ake iya dubawa. Takardar izinin ɗauka daga hukuma wajibi ce, haka gaisuwa wurin mai unguwa, in kuma a Birni ne kusa da fada, a nemi iznin fada. Amma duk wannan bai zama yardar mutumin da za a ɗauka ba. Shi a yi masa bayani da Hausa, a gaban wani nasa: fim ɗin na mene ne, ina za a nuna shi, kuma in ya hau intanet maƙwabcinsa zai gani a waya, ba ya kuma gogewa. Wanda ba ya karatu a ɗauki yardarsa da murya a kamara maimakon dangwala yatsa a takardar Faransanci. Yaro sai da yardar iyaye. Duk abin da zai iya kai mutum gaban hukuma, ko ya kashe aure, ko ya hana yarinya miji, a tambayi kai ko fim zai tsaya ba shi. In zai tsaya, a cire. Kafin kowa ya gani, a kai wa mutanen da ke cikin fim ɗin su kalla a gidansu. Kuɗi kuwa, ba a sayen magana, don wanda aka biya zai faɗi abin da yake zaton ana so, amma wanda aka hana wa aikin yini a biya shi yininsa, kuma a faɗi wannan tun farko.

Daga wata ɗaliba, Garin Malam: Na tara wajen awa 20 na hoto a kan 'yan garuwa. Na rasa ta inda zan kama.

'Yar'uwa, kafin komai ki kwafe shi a diski biyu, ɗaya ya kwana a wani gida. Kada ki goge kati sai kin buɗe kwafin kin ga yana tafiya. Sa'annan ki rubuta duk maganar da aka yi, da lokacin kowace. Awa ɗaya ta hira takan ci awa 4 zuwa 6 na rubutu, kuma ba hanyar tsallake shi. Rubuta kowane fage a 'yar takarda, ki shimfiɗa su a tabarma, ki zaɓi ɗan garuwa ɗaya da yini ɗaya, daga layin famfo da asuba har ƙirgar kuɗi da dare. Wanda bai shiga wannan yini ba ki ajiye shi gefe, ko da ya fi kowane kyau. Sani Magori, mai shirya fim ɗan Nijar, haka ya yi da albasar Galmi a fim ɗinsa na 2008: bai bi duk manoma ba, aure ɗaya ya bi wanda ke jiran abin da gona za ta bayar.

Haɗin farko zai yi tsawo, ki bar shi ya kwana biyu, ki nuna wa mutum uku da ba su san labarin ba, ki lura da inda suka fara duba waya. Ki nufi minti 15 zuwa 25. Manhajojin haɗa fim Kdenlive da Shotcut kyauta ne kuma ƙaramar kwamfuta na ɗaukarsu. DaVinci Resolve ma yana da na kyauta amma yana son inji mai ƙarfi. Fassarar ƙasan hoto kada ta wuce layi 2, kowane layi harafi 40 ko kusa da haka, kuma ki ajiye fayil ɗin fassarar a tsarin rubutun kwamfuta mai suna UTF-8, in ba haka ba ɗ da ƙ da ɓ za su fito a matsayin akwatuna.

Daga wani matashi, Magarya: Su waɗannan masu fim mai zaman kansa wa ke ba su kuɗi, kuma in na gama nawa ina zan kai?

A Polan akwai cibiyar fim ta ƙasa da aka kafa a 2005, wadda gidajen silima da tashoshin talabijin da masu rarraba fim ke zuba wa kashi 1.5 cikin 100 na kuɗin shigarsu, daga nan ake tallafa wa masu shiri. Mu nan yawanci aljihu ne, sai asusun tallafi na waje da haɗin gwiwa da wani furodusa. Duk inda za ka nema, abu uku za a tambaye ka: labarin a shafi ɗaya, bayanin dalilin da ya sa kai ne za ka yi shi da yadda za ka ɗauke shi, da gwajin hoto na minti 3 zuwa 5 wanda ke nuna mutumin naka yana magana ana ji.

Bikin fina-finai na birnin Krakow a Polan, wanda ya faro a 1961, gajeru da na gaskiya ne abin da ya fi ba wa ƙarfi. Kusa da mu akwai FESPACO, bikin fina-finan Afirka a Wagadugu, wanda ya faro a 1969, yanzu duk bayan shekara biyu ake yin sa. Za a buƙaci fassarar Faransanci ko Ingilishi. Ka karanta ƙa'ida kafin ka sa fim a YouTube ko Facebook, domin bukukuwa da yawa ba sa karɓar wanda ya riga ya fita, wasu kuma suna karɓar kuɗin rajista, amma wasunsu kan yafe wa wanda ya rubuta ya roƙa.

Akwai kuma nunin unguwa. Farin bango ko zanen gado, majigi, lasifika mai batir, bayan sallar isha'i. Gwada sautin a filin tun da rana, don abin da ya fito sarai a abin ji na kunne yakan nutse a sarari, kuma ka tanadi janareta da doguwar waya yadda za a ajiye shi bayan katanga.